Busasshiyar Rigar Nutso Ta Ci Kuɗinta, Amma Ba A Kowane Ruwa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in sa baki a maganar da ta taso kan matasanmu da ke fita waje suna koyon nutso da tukunyar iska, wasu don sana'a, wasu don sha'awa. An ce wai busasshiyar riga, wato wadda ruwa ba ya shiga cikinta sam, kayan ƙawa ce ta masu abin hannu, kuma jiƙaƙƙiyar riga mai kauri ta wadatar ko'ina. A tekun Legas, inda ruwan sama-sama ke tsakanin digiri 25 da 29, haka ne. A Sikotilan ko Kanada kuwa wannan shawara tana iya cutar da wanda ya bi ta.

Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen sau ashirin zuwa ashirin da biyar. Ruwan digiri 15, wanda a doron ƙasa da an kira shi sanyin safiya kawai, yana sa mutum rawar ɗari cikin ƙanƙanin lokaci. Tun kafin zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, inda likitoci ke cewa sanyi ya kama mutum, yatsu sun riga sun ƙage. Mai nutson da ba ya iya matsa maɓalli, ko kwance ƙugiya, ko riƙe bakin abin numfashi, ya shiga hatsari ko da hankalinsa yana nan daram.

Jiƙaƙƙiyar riga ta robar niyofirin ce, mai ƙananan kumfan iska birjik a cikinta. Waɗannan kumfan su ne masu tare zafi, ba ruwan da ya shiga tsakanin riga da fata ba kamar yadda ake yawan faɗa. Matsalar ita ce iska tana matsuwa. Da bar ake auna matsi: a saman ruwa bar 1 ne, a mita 10 ya zama bar 2, a mita 30 bar 4. Rigar da ke da kaurin milimita 7 a kan jirgi, kafin a kai mita 30 ta koma kusan rabin haka ko ƙasa. Ga shi kuma a can ƙasa ruwa ya fi sanyi. Ashe rigar tana gazawa daidai inda aka fi bukatarta. Tana kuma rasa ƙarfin ɗaga jiki, sai mai nutso ya ji ya yi nauyi, ya dinga cika falmaran iska, wato falmarar da ake hurawa don daidaita nauyin jiki a ruwa, don kada ya daki ƙasa. Niyofirin da ya sha matsi sau da yawa ba ya komawa yadda yake, shi ya sa tsohuwar riga ta haya ba ta kai sabuwa ɗumi ko da lamba ɗaya aka rubuta musu.

Busasshiyar riga ba ta da wannan raunin, domin ita kanta ba ita ke ɗumamawa ba. Jaka ce mai kama wuya da wuyan hannu, da zik mai hana ruwa wucewa. Abin da ke tare zafi shi ne iskar da ke maƙale cikin tufafin da aka sa a ƙarƙashinta. Akwai bawul a ƙirji da aka jona da tiyo zuwa kan tukunya, idan matsi ya ƙaru a ƙara iska, kaurin tufafin ya dawo. Ɗumin da ake ji a mita 5 kusan shi ake ji a mita 35.

A ganina iyakar tana nan. Ruwan da ya haura digiri 24, milimita 3 ta isa. Daga 18 zuwa 24, milimita 5. Daga 12 zuwa 18, milimita 7 da hula za ta ɗauki mutum nutso ɗaya na minti 40 in jikinsa mai juriya ne. Ƙasa da digiri 10 kuwa babu gardama, sai busasshiyar riga. Jikin mutane ya bambanta, siriri yana saurin jin sanyi fiye da mai jiki, don haka kowa ya ɗan matsa iyakar daidai da kansa. Abin da masu lissafi kan manta shi ne nutso na biyu. Mai jiƙaƙƙiyar riga zai fito ya zauna a kan jirgi awa ɗaya ko biyu, iska tana kaɗa rigar, ruwan yana bushewa yana tafiya da zafin jikinsa. Ya koma ruwa da sanyin da ya riga ya tara. Mai busasshiyar riga yana zaune a bushe yana kurɓar shayi. Wanda ya biya kuɗin jirgi na nutso biyu ya yi ɗaya ya haƙura, arhar rigarsa ta koma tsada.

Wuraren da matasanmu ke samun kansu ai sanannu ne. A Ingila, tsohon ramin haƙar dutse na Stoney Cove, inda dubban mutane ke koyo, yana da zurfin mita 36, da hunturu kuma ruwansa kan sauka wajen digiri 5. A Scapa Flow da ke tsibiran Orkney, inda sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu ranar 21 ga Yuni 1919, manyan jirage bakwai suna kwance har yau, ruwan kuma ba ya wuce digiri 13 ko 14 ko da bazara. Tsagin Silfra a ƙasar Ayisilan yana tsakanin digiri 2 da 4 duk shekara, hukumar gandun Thingvellir ma ba ta barin mutum ya yi nutso sai da takardar horon busasshiyar riga, ko shaidar nutso goma da ita cikin shekara biyu da suka wuce. Kada kuma a ɗauka Afirka duk ɗumi ce. A Kef Tawun, gefen Atilantika, iskar kudu maso gabas tana tura ruwan sama ta fito da na ƙasa, sai ka iske digiri 10 a tsakiyar lokacin zafi. Mai zuwa can koyon sana'ar nutso ya yi tambaya tun kafin ya kama hanya.

Busasshiyar riga iri uku ce. Akwai siririya mai falle uku, robar butil a tsakiya da yadin nailan ciki da waje. Ba ta da nauyi, tana bushewa da wuri, faci a kanta ba wuya, amma ba ta da ɗumin kanta ko kaɗan, komai ya dogara ga abin da ke ciki. Akwai ta niyofirin, wadda aka fi so a riga an matse ta a masana'anta zuwa milimita 2 zuwa 4 don kada zurfi ya canza ta. Tana da nauyi, tana daɗewa ba ta bushe ba, amma tana jure gogar ƙarfe a cikin tarkacen jirgi. Ta uku ta zallar roba ce mai santsi, ta masu aiki a ruwa mai ƙazanta, domin ana iya wanke ta tas. Mai tafiya a jirgin sama da kaya ƙididdigaggu, ta farkon ce tasa.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne tufafin ciki. Mutum ya zuba dukiya a riga, sannan ya sa singileti da wandon auduga a ƙarƙashi, ya fito yana cewa rigar tana yoyo. Ba yoyo ba ne, guminsa ne. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi a jikin fata, ta lafe, ta daina tare zafi. A fara da siririn falle na ulun merino ko yadin roba mai fitar da gumi, a ɗora mai kauri a kai. Na yadin ɗumi mai suna Thinsulate ana auna su da giram: 200 don ruwan digiri 10 zuwa 14, 400 don abin da ya yi ƙasa da haka. Amfanin irin wannan yadin shi ne ko rigar ta sha ruwa yana riƙe wani abu na ɗumi. A kuma gwada rigar da tufafin cikin a jiki kafin a biya. A durƙusa, a miƙa hannu baya a taɓa bawul ɗin tukunya, a ɗora ƙafa kan gwiwa kamar za a sa filafilan ƙafa. Wadda ta matse tana hana motsi, wadda ta yi yawa kuma iska na yawo a cikinta, musamman a ƙafafu, kuma nan ne fitinar take.

Wannan shi ne abin da masu sukar rigar suke da gaskiya a kai: ta ƙara wa mai nutso wata jakar iska da zai lura da ita. Wajen sauka, in ba a ƙara iska ba rigar tana damƙe jiki, ta tsinci fata a lanƙwasarta, a fito da jajayen layuka kamar an sha bulala. A zurfi sosai tana iya hana hannu kai wa ƙirji. Maganin shi ne ɗan taɓa maɓalli na daƙiƙa ɗaya duk bayan mita biyu ko uku, gwargwadon abin da zai saki matsin kawai. Wajen hawowa iskar tana kumbura. Daga mita 30 zuwa 20 tana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, amma daga mita 10 zuwa sama ninki biyu take yi. Mita goman ƙarshe su ne masu hatsari. Bawul ɗin fitarwa yana a damtsen hagu. A buɗe shi gaba ɗaya, wato a murza shi saɓanin tafiyar agogo, a ɗaga gwiwar hannu har ya zama shi ne mafi tsayi a jiki, sai iska ta fita da kanta. Yana fitarwa a hankali fiye da falmara, saboda haka a fara tun kafin a ji jiki ya yi sauƙi, a riƙe saurin hawa mita 9 zuwa 10 a minti.

Idan ƙafafu suka haura kai, iska ta gudu can, ba bawul a wurin. Ƙafafun su kumbura, wani lokaci filafilan su sulluɓe, mutum ya nufi sama a kife. Abin yi: a buga ƙafa da ƙarfi zuwa ƙasa, a naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, a mirgina gaba har kai ya dawo sama, nan take a ɗaga damtse a saki iska. Daƙiƙu kaɗan ake da su. Ba a koyon wannan a takarda, sai a kududdufin horo ana maimaitawa har jiki ya riƙe. Haka nan idan maɓallin ƙirji ya maƙale, saboda gishiri, yashi ko ƙanƙara, iska ta yi ta shiga ba tsayawa, abin farko a cire tiyon. A gwada cire shi da safar hannu mai kauri a hannu, domin da yatsu tsirara kowa gwani ne. In bawul ɗin damtse bai wadatar ba, a sa yatsa a ja robar wuya ko ta hannu. Ruwan sanyi zai kwararo, amma jiƙewa ta fi fitowa sama kamar kibiya daga mita 25.

Yawancin waɗannan matsaloli daga yawan darma suke farawa, wato nauyin da mai nutso ke ɗaurawa a jiki don ya nutse. Sabon shiga yana tsoron kada ya kasa nutsewa, sai ya ɗaura fiye da kima, sannan ya cika riga da iska don ya daidaita, kumfar iskar ta girma, ta gagari sarrafawa. Gaskiya ne busasshiyar riga tana neman ƙarin kilo biyu zuwa biyar a kan jiƙaƙƙiya, gwargwadon kaurin tufafin ciki. Amma awon gaskiya ana yinsa ne a ƙarshen nutso: tukunya ta rage bar 50, falmara ba iska, riga da ɗan abin da zai hana matsi, a iya tsayawa cak a mita 5 na minti uku. Mai awo da cikakkiyar tukunya ya tuna cewa iska ma tana da nauyi. Tukunyar lita 12 daga bar 232 zuwa 50 tana rage kimanin kilo biyu da rabi. Makarantu sun saɓa kan ko a daidaita jiki da riga ko da falmara. Ni ina tare da masu cewa riga don ɗumi, falmara don daidaito, domin falmara ta fi saurin zubar da iska. Wanda darmarsa ta yi daidai, da tukunya ɗaya, zai ga ma ba ya bukatar mai yawa a ko wacce. A saman ruwa dai falmara ce ke riƙe mutum, ba riga ba.

Robar wuya da ta hannu su ne masu saurin mutuwa. Ta latek ta fi kama jiki, tana zuwa a tsuke da zobba a jikinta don a yanka daidai wuya. A yanki zobe ɗaya da almakashi mai kaifi, a gwada, sannan a ƙara. Ɗan tsagi a baki shi ne mafarin yagewa, wadda aka yanka ta yi yawa kuma sai dai sabuwa. Wadda ta shaƙe wuya tana danna jijiyoyin da ke gefensa, bugun zuciya ya ragu, mutum ya ji jiri ko ya suma. Fuska ta yi ja ko jijiyoyi sun tashi tun a kan jirgi, kada a shiga. Ta silikon ta fi laushi, tana da kyau ga wanda latek ke sa wa ƙaiƙayi, gam ba ya kama ta, sai da zoben roba da aka ɗora wa rigar, wanda hakan ke sa a iya canza ta a bakin ruwa cikin 'yan mintuna. Kafin a sa hannu a cire agogo da zobe, a barbaɗa hoda marar turare. Man shafawa, turare da man kare rana duk suna cin latek.

Zik shi ne mafi tsada wajen gyara. Na tagulla ana goga masa kakin zuma ko na kyandir a haƙoran waje, a ajiye shi a buɗe, kada a karya shi wajen naɗi. Na roba ana shafa man silikon a ƙarshensa inda yake rufewa, a ajiye shi a rufe. In ya cije kada a ja da ƙarfi, a koma baya a duba ko tufafin ciki ya kama. Zik ɗin da ya rage santimita ɗaya bai rufe ba ya isa ya cika riga, don haka abokin nutso ya duba da idonsa. Neman yoyo kuwa aikin mai faci ne: a toshe wuya da ƙaramar roba, hannuwa da kwalabe, a rufe bawul ɗin damtse, a hura rigar, a fesa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa a sa alama.

Wanda zai dawo da rigarsa gida hutu ya sani zafin Kano ko Maraɗi ba abokin latek ba ne. Rana, zafi, tururin fetur da iskar da injinan lantarki ke fitarwa suna sa ta tsattsage ko ta narke ta yi danƙo. Kada a rataye ta kusa da janareta ko a bar ta a bayan mota. A wanke da ruwan daɗi, ta bushe a inuwa ciki da waje, a sa hoda, a ajiye a ɗaki mafi sanyi.

Riga kaɗai ba ta gama magana. Kai yana bukatar hular niyofirin milimita 5 zuwa 7. Hannu yana bukatar safa mai kauri, ko busasshiyar safa mai zobe, wadda ake zura wa siririn bututu ƙarƙashin robar hannu don iska ta shiga ta hana matsi. Na'urar numfashi ma dole ta zama ta ruwan sanyi. Iska idan ta fito daga matsi mai yawa tana yin sanyi ƙwarai, a ruwan da bai kai digiri 10 ba ƙanƙara kan taru a ciki, bawul ya tsaya a buɗe, tukunya ta zube cikin mintuna. Ƙa'idar Turai ta EN 250 tana gwada na'urorin ruwan sanyi a digiri 4, a duba alamar kafin a saya. Kada a yi numfashi da ita a waje cikin iska mai sanyi kafin a shiga, kada kuma a ja dogon numfashi ana danna maɓallin riga lokaci guda. Masu shaƙar gaurayen iska da ke da iskar hiliyom ba sa hura riga da shi, domin yana janye zafi kusan sau shida fiye da iska, suna ɗaukar 'yar tukunya daban ta iska ko agon.

Sai maganar da ake kunyar yi. Sanyi da matsin ruwa suna tara fitsari, a busasshiyar riga kuma ba damar saki. Wasu sai su ƙi shan ruwa tun safe, wanda kuskure ne, domin ƙishirwa tana cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon kumfar jini, wato ciwon da ke kama mai nutso idan iskar naitirojin da jikinsa ya sha a zurfi ta yi kumfa wajen hawowa. Akwai bawul na musamman da ake sakawa a cinya, akwai kuma ƙunzugun manya. Nutson minti 45 dai ba ya bukatar ko ɗaya, in an kewaya kafin a rufe zik.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ta lafiya ce. A shekarar 2007 sashen gwajin nutso na sojojin ruwan Amurka da ke Panama City a Filorida ya fitar da sakamakon gwaji a zurfin ƙafa 120, kimanin mita 37. Waɗanda suka ji ɗumi a ƙasa sannan suka ji sanyi wajen hawowa sun kamu da ciwon kumfar jini fiye da waɗanda aka juya musu tsarin, da tazara mai yawa. Dalilin a fili yake: jiki mai ɗumi yana shan naitirojin da sauri, jiki mai sanyi kuma jini ya janye daga fata da gaɓoɓi, fitar da shi ya yi nawa. Mai jiƙaƙƙiyar riga a ruwan sanyi haka yake yi kullum, ya shiga da ɗumi ya fito da ɗari. Wannan kuma gargaɗi ne ga masu falmaran ɗumi mai batir: in za a kunna, a kunna wajen hawowa, ba tun daga farko ba har batir ya mutu a ƙarshe.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne sikila. Mai SS ko SC bai kamata ya yi nutso da tukunya ba ko a wane ruwa, sanyi kuma yana cikin manyan masu tayar da ciwon. Mai AS ya faɗa wa likitan nutso kafin a sa masa hannu. Haka mai hawan jini, domin ruwan sanyi yana iya sa ruwa ya taru a huhunsa. Babu rigar da ke maganin waɗannan.

Kuɗi kuwa, sabuwar busasshiyar riga mai kyau tana kai ninki uku ko huɗu na jiƙaƙƙiya mai milimita 7, kafin a sa tufafin ciki, da manyan filafilai masu ɗaukar takalmin rigar, da canjin roba duk shekara ɗaya ko biyu. Mai zuwa Bahar Maliya, inda ruwa ko da hunturu yake wajen digiri 21 ko 22, ya riƙe kuɗinsa. Mai zuwa ruwan sanyi na mako guda ya yi horo ya ɗauki haya. Horon ba dogo ba ne: a tsarin ƙungiyar horon nutso ta PADI zama ɗaya ne a kududdufi da nutso biyu a buɗaɗɗen ruwa, rassan ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya, wato BSAC, kuma da yawansu da ita suke koyar da sabon shiga tun farko. Wanda zai zauna a Birtaniya, Jamus, Kanada ko Kef Tawun yana shiga ruwa duk wata, ya saya, ko da ta hannu ce. Sai dai ya duba zik haƙori-haƙori, ya ja robar wuya ya ga ko ta tsattsage, ya hura ta da ruwan sabulu a gaban mai sayarwa, ya cire kuɗin gyara daga farashi. Nutso goma na farko kuma ya yi su a ruwan da bai wuce mita 10 zuwa 12 ba, kusa da igiyar da zai iya kamawa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Wani mai koyar da nutso, daga Birtaniya